Nancy Drew da abin gadon da ya ɓace a Sikotlan: ra'ayina kan littafi na 41

Littafin da nake son yin magana a kansa shi ne The Clue of the Whistling Bagpipes, na 41 a jerin littattafan Nancy Drew, wanda kamfanin Grosset & Dunlap na Amurka ya buga a 1964. Na saye shi ne domin 'yar yayana mai shekara goma sha ɗaya, amma sai da na karance shi tas kafin na miƙa mata, don ba na ba yaro littafin da ban san abin da ke cikinsa ba. Matsayina tun daga farko shi ne: ya ci kuɗinsa, kuma yarinyar da ta buɗe shi da wuya ta ajiye kafin ta ga ƙarshensa. Sai dai akwai wani abu mai daraja a tsakiyar labarin wanda marubuciyar ta kama da hannunta sannan ta saki, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Shi kansa littafin, idan ka riƙe shi, ƙarami ne mai bango mai tauri, gefensa ruwan ɗorawa, an buga hoton a jikin bangon kai tsaye ba tare da wata rigar takarda da za ta yage ba. Tun 1962 ake fitar da jerin cikin wannan kama, shi ya sa masu tara su suke gane su daga nesa a kan kanta. Nawa na baya-bayan nan ne, mai sheƙi, mai ɗan hoton tocila a sama. Shafuka kusan 180, babi 20, rubutu manya-manya da tazara mai kyau tsakanin layuka, ga zane-zane baƙi da fari jefi-jefi a ciki. Takardar ba wata ta a zo a gani ba ce, tana da ɗan kaushi, amma ɗaurin yana da ƙarfi. Ya shiga jakar makaranta ya fita, an kwana a kansa, an ninke kusurwar shafuka, har yau ko warƙa ɗaya ba ta ɓalle ba. Ga littafin yara wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga wanda bai san Nancy ba: budurwa ce 'yar shekara 18 da ke zaune a wani garin ƙirƙira mai suna River Heights tare da mahaifinta Carson Drew, lauya, da Hannah Gruen, matar da ke kula da gidansu kuma ta raine ta. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara uku. Tana da motarta, tana da ƙawaye biyu da ba sa rabuwa da ita, Bess Marvin da George Fayne, waɗanda 'yan uwan juna ne, kuma duk inda wani abu ya ɓace ko aka cuci wani, sai ka same ta tana bin sawu. Ba 'yar sanda ba ce, ba kuma ta karɓar ko kwabo a kan aikin. Tun 1930 aka fara buga labaranta.

A wannan littafin, tafiya ce ta taso zuwa Sikotlan. Kakar mahaifiyar Nancy, wata tsohuwa mai sarauta da ake kira Lady Douglas, tana zaune a wani katafaren gida a yankin tsaunukan arewacin ƙasar, kuma za ta miƙa gidan ga hukumar da ke adana gidaje da wuraren tarihi na Sikotlan. Mahaifin Nancy ne zai taimaka da takardun. A cikin dukiyar gidan akwai abu ɗaya da tsohuwar ta keɓe wa Nancy, wani abin ado na maƙalawa a ƙirji, mai duwatsu masu tsada, wanda ya daɗe a cikin dangi. To shi ne ya ɓace. Tun Nancy ba ta bar gida ba aka fara aiko mata da gargaɗi cewa kada ta kuskura ta taka ƙasar. Ta ƙi ji, ta tafi da mahaifinta da ƙawayenta biyu. Can kuma ta tarar da matsala ta biyu: ana kwashe garkunan tumaki daga kan tsaunuka, babu wanda ya san ina suke shiga. Ga wata takarda da aka rubuta da Gelik, harshen gargajiya na mutanen tsaunukan Sikotlan, ga wani jirgin ruwa mai ɗakuna da aka yasar a tafkin Lomond, ga wani mutum mai jan gemu a birnin Edinbara, ga wani fito mai tayar da tsikar jiki da ake ji yana fitowa daga algaitar Sikotlan a cikin duwatsu. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba.

Abin da littafin ya iya, ya iya shi sosai: ba ya barin mai karatu ya huta. Kowane babi gajere ne, shafi takwas ko tara, kuma kowanne yana ƙarewa ne a daidai inda ba za ka iya tsayawa ba, wani ya ƙwalla ihu, ko mota ta kauce hanya, ko an ga inuwar mutum. Babba yana gane dabarar tun babi na uku. Yaro kuwa ko ya gane bai damu ba. 'Yar yayana, wadda a da sai an yi da gaske take gama shafi biyar a zama ɗaya, sai ga ta tana cewa, "Goggo, bari in ƙarasa wannan babin kawai," sannan ta zarce na gaba.

Abin da ya fi wannan burge ni shi ne yadda Nancy take aiki da ido da ƙwaƙwalwa. Ba ƙarfi take nunawa ba, ba kuma wani tsafi ko na'ura ke warware mata matsala ba. Tana dubawa, tana tambaya cikin ladabi, tana riƙe ƙaramin abu a ranta har ranar da zai yi amfani. Takardar nan ta Gelik ita ce misali mafi kyau. Ba ta jin harshen, don haka sai da ta nemi fassarar kalmomin. Ko da aka fassara kalmomin ma ba su ba da ma'ana kai tsaye ba, sai an zauna an yi tunanin me kowacce take nuni da shi. Na leƙa littafin rubutun yarinyar tamu wata rana, na tarar ta kwafe kalmomin ɗaya bayan ɗaya a tsaye, a gaban kowacce ta rubuta hasashenta da fensir, wasu ta goge ta sake. Babu wanda ya sa ta. Littafin da zai sa yaro ya ɗauki fensir da kansa don ya riga jarumar gano amsa, ni a wurina ya gama biyan kuɗinsa tun daga nan.

Sannan akwai yadda manya suke ɗaukar Nancy. Mahaifinta yana shawara da ita kamar abokiyar aiki. Idan ta ce ga abin da take zargi, yana saurare har ta gama, ba ya katse ta da cewa ke yarinya ce. Tana jan mota a baƙuwar ƙasa inda ake bin hannun hagu, alhali a Amurka dama ta saba bi. Tana shiga wurin 'yan sanda ta yi bayani dalla-dalla. Ba mamaki matan da suka zama alƙalai a kotun ƙolin Amurka, irin su Sandra Day O'Connor da Ruth Bader Ginsburg da Sonia Sotomayor, duk sun ambaci Nancy Drew cikin abin da suka karanta suna yara. Yarinya tana buƙatar ta ga wata kamarta da ake jin maganarta saboda maganar tana da hujja.

To yanzu ga inda raina ya sosu.

Ku duba abin da marubuciyar take da shi a hannu. Marainiya ce da ba ta san mahaifiyarta ba sai a labari. Littafi arba'in sun wuce kafin wannan, kuma a cikinsu ambaton mahaifiyar ba ya wuce jimla ɗaya ko biyu a farkon labari, a ce ta rasu, a wuce. Sai ga shi a karo na 41 an ɗauki yarinyar an ƙetare teku da ita, an kai ta gidan da jinin mahaifiyarta ya fito, an zaunar da ita gaban tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, wadda ita ce ta haifi wadda ta kai ga haihuwar mahaifiyarta. Kuma abin da ya ɓace ba kuɗi ba ne da za a maye gurbinsu. Abu ne da ya bi hannuwan mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ya kamata ya bi ta hannun mahaifiyarta, mutuwa ta sa ya tsallake ta. Darajar kayan gado ba a sikelin maƙerin zinariya take ba, a hannuwan da suka riƙe shi take. Duk wanda aka taɓa bar wa wani ɗan abu na mamaci, ko zobe ne ko agogon da ya daina tafiya, ya san cewa ranar da ya ɓace ba lissafin kuɗinsa kake yi ba.

Shafukan da Nancy take tare da Lady Douglas su ne mafi kyau a littafin baki ɗaya. Tsohuwar tana da kamala da nutsuwa, kuma ana jin cewa ɓatan abin ya dame ta ne saboda ta yi niyyar ba da shi kuma ta kasa. Amma shafukan kaɗan ne, kuma ba a isa gidan ba sai labari ya yi nisa. Da an fara zama, sai wata sabuwar alama ta ɓullo, 'yan mata su zabura su fita. Na so a ce an ba su babi guda cur, babu mai jan gemu, babu fito, tsohuwa da tattaɓa-kunnenta kawai, ana ba da labarin wadda ta tafi: yaya take tana ƙarama, me take so, da wa take kama. Ba ni kaɗai na ji wannan giɓin ba. Da 'yar yayana ta gama, tambayarta ta farko ba a kan ɓarayi ba ce. Cewa ta yi, "Goggo, ni da ni ce, da kwana zan yi ina tambayarta labarin mamata." Yaro mai shekara goma sha ɗaya ya hango abin da labarin ya tsallake.

Na san dalilin da ya sa aka yi haka, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙera waɗannan littattafai. Sunan da ke jikin bango, Carolyn Keene, ba na kowa ba ne. Wani ɗan kasuwar littattafan yara mai suna Edward Stratemeyer ne ya ƙirƙiro Nancy, kuma tsarin kamfaninsa shi ne a tsara ƙashin labari, a ba marubucin haya ya cika shi da nama, a biya shi sau ɗaya, ya sa hannu cewa ba shi da haƙƙi kuma ba zai bayyana kansa ba. Stratemeyer ya rasu a 1930, jim kaɗan bayan fitowar littattafan farko. Wadda ta rubuta 23 daga cikin 30 na farko ita ce Mildred Wirt Benson, a kan dala 125 kowane littafi a farkon lamarin. Sai a wata shari'a da aka yi a 1980 ne sunanta ya fito fili sosai. Ta yi aikin jarida a birnin Toledo na Amurka har ƙarshen rayuwarta a 2002, tana da shekara 96. Bayan rasuwar Stratemeyer 'yarsa Harriet Stratemeyer Adams ce ta riƙe kamfanin, kuma a shekarun da wannan littafin ya fito ita ce ke rubuta labaran Nancy. Daga 1959 ta sa aka fara sake rubuta tsofaffin littattafan: aka rage babi daga 25 zuwa 20, aka cire kalaman ƙasƙanci ga baƙaƙen fata da wasu ƙabilu, aka ƙara wa Nancy shekaru daga 16 zuwa 18, aka kuma rage mata kaifin baki. Littafi na 41 an haife shi ne a cikin wannan sabon ma'aunin. Babi 20, kowanne da tashin hankalinsa, babu wurin zama a yi baƙin ciki. Fahimtar dalilin ba ta sa na daina jin asarar ba.

Wani amfani ga mai saye: tun da an rubuta shi bayan an fara gyaran, rubutu iri ɗaya ne kawai yake da shi. Littattafai 34 na farko suna da tsohon rubutu da sabo, wani lokaci ma labarin daban ne a ƙarƙashin suna ɗaya, sai ka lura da wanda kake saye. Wannan kuwa ko tsohon bugu ka samu ko sabo, abin da ke ciki ɗaya ne.

Filin da aka hana tsohuwa, yawon buɗe ido aka ba shi. Kusan duk inda motar 'yan matan ta tsaya sai wani ya tsaya ya ba su darasi: tarihin wannan gini, sunan wancan dutse, ma'anar ratsin tufafin kowane dangi. Wani lokaci abin yana shiga cikin labarin lafiya, wani lokaci kuma sai ka ji kamar an manna shafin littafin jagoran matafiya a tsakiyar babi. Ban ƙi shi gaba ɗaya ba. Yaro zai fita da sanin cewa akwai tafkin Lomond a arewa maso yammacin Gilasgo, wanda ya fi kowane tafki a tsibirin Birtaniya faɗin fuska, akwai Edinbara da fadarta a kan dutse, akwai kufan gine-ginen mutanen da suka rayu tun kafin a fara rubuta tarihin ƙasar. Sikotlan tana da irin waɗannan kufai da yawa, musamman hasumiyoyi zagayayyu na dutse da aka jera ba tare da laka ba, masu bango biyu, waɗanda suka kai shekara dubu biyu. Ita ma hukumar da za a miƙa wa gidan ta gaske ce, an kafa ta a 1931, kuma iyalai da dama sun ba ta manyan gidajensu saboda harajin gado da tsadar kula da su sun fi ƙarfinsu. Fadar Culzean, misali, a 1945 aka miƙa ta. Don haka halin da Lady Douglas take ciki ba ƙirƙira ba ce tsagwaronta.

Sai dai Sikotlan ɗin da ke cikin littafin ta katin gaisuwa ce, an share mata duk wani tabo. Batun tumakin nan shi ya fi nuna haka. Mai karatu zai ɗauka tumaki a kan waɗannan tsaunuka tun fil'azal suke, su da 'yan tsirarun makiyaya, cikin kwaruruka da babu kowa. Alhali kwarurukan da mutanensu a da. Bayan an murƙushe tawayen da Yarima Charles Edward Stuart ya jagoranta a yaƙin Culloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta karya ƙarfin shugabannin dangogi, ta kuma haramta wa mazan yankin sanya tufafinsu na gargajiya, dokar da ba a soke ba sai 1782. Daga nan, tun daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa tsakiyar na 19, masu filaye suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, suka riƙa tayar da ƙauyuka sukutum don a samu wuraren kiwo. A 1792 mutanen yankin Ross sun taru suka kora garkunan tumaki don su fitar da su daga ƙasarsu, aka turo sojoji, har ana kiran shekarar da shekarar tumaki. A yankin Sutherland, a shekarun 1810, an ƙona gidaje don kada masu su su dawo. Dubban mutane suka ƙare a bakin teku ko a jiragen ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. Harshen Gelik da littafin ya mayar abin ɓoye saƙo, harshen waɗannan mutanen ne. Dokar ilimi ta 1872 ba ta ba shi gurbi a makarantu ba, kuma a ƙidayar 2011 masu magana da shi kusan 57,000 ne kawai, wato kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari na mutanen ƙasar.

Ba na cewa littafin yara na 1964 ya zama littafin tarihi. Amma labarin da ya tsaya a kan gado, a kan abin da kakanni suka bari da abin da aka ƙwace, wanda kuma ya sami lokacin yin bayanin ratsin tufafi, zai iya ba wa wannan sakin layi ɗaya. Ni dai na ba yarinyar tamu labarin da bakina bayan ta gama, kuma ta saurara da irin kunnen da ta saurari labarin ɓarayin. Ina ba duk wanda zai saya wa yaro shawarar ya yi haka.

Ita algaitar da aka sa wa littafin sunanta, an yi amfani da ita da wayo. Algaitar tsaunukan Sikotlan jaka ce ta iska da mai busa yake matsewa a hammata, da bututun da yake hura iska ta ciki, da bututu uku da ke jingine a kafaɗa suna fitar da amo ɗaya ba yankewa, sai sanda mai huji-huji da yatsu ke bi, wadda sauti tara kacal take bayarwa. Ƙararta tana tafiya nesa a fili, shi ya sa aka daɗe ana shiga yaƙi da ita. Don haka tunanin cewa miyagu za su mayar da ita hanyar aika wa juna saƙo daga wannan dutse zuwa wancan, a ƙasar da jin busa ba ya sa kowa ya waiga, tunani ne mai kyau ƙwarai. A nan al'adar wurin ta shiga cikin ƙullin labarin da gaske, ba ado aka yi da ita ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin da Nancy ta iya busa ta. Masu koyo sukan yi watanni a kan sandar gwaji kaɗai, ba jaka ba bututu, kafin a bar su su ɗauki cikakkiyar algaita, don haɗa hura iska da matsa jaka da motsa yatsu a lokaci ɗaya aiki ne mai wuya. Nancy kuwa duk abin da ta taɓa sai ya yi mata biyayya. Wannan tsohon halin jerin ne, kuma yana rage mata wani abu. Na fi son jarumar da yaro zai ga ta sha wuya kafin ta iya.

Akwai wasu abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani. Na farko, yadda ake yi wa Bess. Ita ce mai ɗan jiki, mai son abinci, mai tsoro, kuma George ba ta rasa hanyar tsokanarta a kan haka. A 1964 an ɗauke shi abin dariya. Ni ban ji daɗinsa ba, musamman da yake 'yan mata masu shekara tara zuwa goma sha uku ne masu karatun, shekarun da magana ɗaya a kan jiki take iya zama a zuciya shekara da shekaru. Ga shi Bess ce mafi taushin zuciya a cikinsu, kuma duk tsoronta ba ta taɓa barin ƙawarta ta shiga haɗari ita kaɗai. Wanda yake jin tsoro kuma ya je, ai shi ne jarumi, amma littafin bai cika ba ta wannan yabon ba. Na biyu, mugu a duniyar Nancy kusan kullum a fuska ake gane shi: kallon banza, murya mai kaushi, rashin ladabi. Mutumin kirki kuma fuskarsa a sake. Wannan darasi ne mara kyau ga yaro, don macuci na gaskiya sau da yawa shi ne mai fara'a da daɗin baki. Na faɗa mata haka ƙarara.

Haɗuwar sa'a ma ta yi yawa. Ƙasa guda ce mai mutum fiye da miliyan biyar, amma duk inda 'yan matan suka juya sai sun ci karo da wanda suke nema. Kuma tun kafin a kai rabi, babba ya san cewa ɓatan abin gado da satar tumaki za su haɗu a wuri ɗaya, don a jerin nan matsala biyu ba sa taɓa rabuwa har ƙarshe. Wannan bai dame ni sosai ba. Yaro yana jin daɗin ganin zare biyu sun ƙullu, kuma an ƙulla su ba tare da an bar wata tambaya a rataye ba.

Ta fuskar tarbiyya babu abin da zai sa uwa ko uba su ɗaga gira. Babu zagi, babu batsa, babu jini. Akwai barazana da haɗari, amma irin wanda ake tsallakewa a shafi na gaba. Saurayin Nancy, Ned Nickerson, ɗan kwaleji ne mai ladabi, kuma alaƙarsu ba ta wuce taimako da girmamawa. Nancy tana gaida manya, tana neman izinin mahaifinta, tana kiran hukuma idan abu ya kai na hukuma.

Turancin kuma mai sauƙi ne, jimloli gajeru, sai dai na shekarun 1960 ne, akwai kalmomin da yaran yanzu ba sa ji. Inda yaro zai ɗan yi tuntuɓe shi ne maganar mutanen Sikotlan, don an rubuta ta yadda suke furtawa, ba yadda take a ƙamus ba. Yarinyar tamu ta tsaya a irin waɗannan wurare da farko, sai na ce ta karanta su da ƙarfi. Da kunnenta ya ji, sai ta riƙa ganewa. Ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, babba ko yaro, littafi ne mai kyau na ƙarfafa karatu, don son sanin abin da zai faru yana jan mutum ya haye kalmar da bai sani ba maimakon ya tsaya.

Ba sai an karanta arba'in na baya ba kafin a ɗauki wannan. Kowane littafi a jerin yana tsaye da ƙafarsa, kuma a shafukan farko ana gabatar da kowa a taƙaice. Jerin na asali mai gefe ruwan ɗorawa littafi 56 ne, daga 1930 zuwa 1979. Idan yarinya ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba, na fi son a fara mata da na farko, The Secret of the Old Clock, inda ake neman wasiyyar da ta ɓace, domin a can ne ake sanin Nancy a garinsu kafin ta fara ƙetare teku. Wannan na 41 ya fi dacewa ya zo na biyu ko na uku, lokacin da mai karatu ya riga ya saba da gidan da babu uwa a cikinsa, don a lokacin ne zuwa wurin Lady Douglas zai yi masa nauyin da ya kamata. Shekara tara zuwa goma sha uku shi ne daidai. Wadda ta haura sha huɗu mai yiwuwa ta ga dabarun sun yi mata sauƙi. Idan za a saya, a nemi mai bango mai tauri, don shi ne zai jure hannun yaro fiye da ɗaya.